Darasi: Kiwon Tsaka Mai Zanko

A shekarar 1866 wani masanin dabbobi Bafaranshe, Alphonse Guichenot, da ke aiki a gidan adana kayan halitta na birnin Paris, ya rubuta bayanin wata irin tsaka da aka kawo daga Sabuwar Kaledoniya, wasu tsibirai na Tekun Pasifik da ke gabas da Ostiraliya. Ya raɗa mata suna Correlophus ciliatus, ita ce tsaka mai zanko. Daga nan labarinta ya yi ta dusashewa. Aka shafe shekaru da dama babu masanin da ya sake sa ta a ido, har aka fitar da rai, aka ɗauka ta ƙare daga doron ƙasa.

Sai a 1994 aka sake ganin ta a ƙaramin tsibirin Ile des Pins, bayan wata guguwa da ta ratsa yankin. Wani Bajamushe, Robert Seipp, shi ya jagoranci tawagar da aka fi dangantawa da wannan gano, kuma a wannan lokaci wasu Amurkawa biyu, Philippe de Vosjoli da Frank Fast, su ma suka same ta a can. An kwashi kaɗan zuwa Turai da Amurka kafin hukumomin tsibiran su rufe ƙofar fitar da ita. Waɗannan 'yan kaɗan suka hayayyafa a hannun masu kiwo, har ga shi yau dabbar da aka ɗauka ta ƙare tana cikin masu rarrafen da aka fi ajiyewa a gidajen Amurka da Turai da Japan.

Mai karatu da ya tashi a ƙasar Hausa zai iya riƙe baki da jin an sa kuɗi an sayi tsaka. Wadda ya sani ita ce ta jikin bango, mai farautar ƙwari kusa da fitila, wadda aka taso ana cewa in ta faɗa cikin abinci ta zuba masa dafi. Binciken masana bai samu dafi a jikin tsaka ba. Abin da take ɗauke da shi na gaske, kamar kaza da kunkuru da ƙadangare, shi ne ƙwayar cutar Salmonella, kuma za a zo kanta. Akwai hadisai da suka ambaci tsaka, hukuncin ajiye ta a gida kuwa fagen malamai ne. Wannan darasi na ilimin dabbobi ne, kuma abin da yake son nunawa ɗaya ne: duk wata ƙa'ida ta kiwon wannan dabba daga dajin da ta fito aka ɗauko ta. Wanda ya san dajin, ba sai ya haddace ƙa'idodin ba.

Dajin da ta fito

Sabuwar Kaledoniya tana ƙarƙashin Faransa tun 1853. 'Yan asalinta su ne Kanak, babban birninta Numeya, babban tsibirinta kuma Grande Terre, mai tsawon kusan kilomita 400. Tsaka mai zanko ba ta game ƙasar ba. A kudancin babban tsibirin ake samun ta, musamman wajen gandun dajin Rivière Bleue da kusa da dutsen Dzumac, sai kuma Ile des Pins da 'yan tsibiran da ke gefensa.

Dajin mai duhuwa ne, mai yawan ruwan sama, kuma iskar teku ba ta barin zafi ya yi tsanani. A Numeya matsakaicin zafi bai cika wuce digiri 27 a ma'aunin Salsiyos ba ko a watannin zafi, a watannin sanyi kuma yakan sauko wajen digiri 20. Tsakar tana wuni a ɓoye cikin ganyen ƙananan bishiyoyi, ta lafe a inuwa. In rana ta faɗi sai ta fito, ta bi rassa tana tsalle daga wannan zuwa wancan, tana neman ƙwari da nunannun 'ya'yan itace da ruwan zaƙin furanni. Ruwan shanta kuwa raɓa ne da ɗigon ruwan sama da ke maƙale a ganye.

Ido, ƙafa da wutsiya

Babbar tsaka mai zanko takan kai santimita 20 zuwa 25 har da wutsiya, nauyinta kuma giram 35 zuwa 55. Kanta mai faɗi ne ta baya, mai tsini ta baki. Zankon da ta samo suna daga gare shi jerin 'yan tsinkayen fata ne masu laushi, da suka taso daga saman kowane ido, suka bi gefen kai, suka gangara baya. Na saman idon sun fi fitowa, har mai kallo ya ɗauka gashin ido ne.

Ba ta da fatar ido. Wani siririn ɓawo mai haske ne ya rufe ƙwayar idon, ba ya buɗewa ba ya rufewa, don haka ko barci take yi idonta a buɗe yake. In ƙura ta hau idon ko ya bushe, sai ta zaro harshe, faffaɗa mai launin ja-ja, ta kai shi har saman ido ta shafe shi sau ɗaya, ta mayar, ta juya ta yi wa ɗayan. Wanda ya taɓa ganin haka a kusa ba ya mantawa. Baƙin idon da rana yakan tsuke ya zama siririn layi a tsaye, da dare kuma ya buɗe sosai don ya tara ɗan hasken da ke akwai. Saboda haka haske mai ƙarfi cikin dare takura ne gare ta.

Ƙafafun sun fi komai ban mamaki. A ƙarƙashin kowane yatsa akwai faifai-faifai na fata a jere, kowane faifai cike da gashi dubbai da ido ba ya iya gani, kowane gashi kuma ya rarrabu a ƙarshensa zuwa ɗaruruwan 'yan rassa. Babu danƙo a wurin, babu wani ruwa mai yauƙi. A shekarar 2000 wani masani a Amurka, Kellar Autumn, da abokan aikinsa suka auna ƙarfin riƙon gashi ƙwaya ɗaya daga ƙafar wata tsakar Asiya da ake kira tokay, daga baya suka tabbatar cewa sirrin shi ne wani ɗan jan juna da ke faruwa tsakanin ƙwayoyin zarra idan abu biyu suka matsu ƙwarai da juna, wanda masana ke kira ƙarfin van der Waals. Na gashi ɗaya ba a bakin komai yake ba, amma in miliyoyi suka haɗu sai su riƙe dabbar a jikin gilashi a tsaye. In za ta ɗaga ƙafa, sai ta naɗe yatsun sama daga ƙarshe, riƙon ya saki a hankali. Wannan ya sa ba a fizgar ta daga jikin abu. Ana tura yatsa ne a ƙarƙashin ƙirjinta, a bar ta ta saki da kanta.

Wutsiyar tana iya naɗe reshe, kuma a ƙarshenta akwai irin wancan faifai mai riƙo. In tsakar ta firgita, ko aka kama ta ta wutsiya, sai ta yar da ita. Ƙashin yana da wurin tsinkewa da aka halitta shi da shi, jijiyoyin jini kuma suna tsukewa nan take, shi ya sa jini ba ya zuba sosai. Wutsiyar ta yi ta mutsu-mutsu a ƙasa, maƙiyi ya shagala da ita, mai ita ta tsere. Tsakar bango takan tsiro da sabuwa. Tsaka mai zanko ba ta yi: in ta tafi, ta tafi ke nan. Masu binciken da suka shiga dajin sun tarar yawancin manyan ba su da wutsiya, kuma suna rayuwarsu lafiya lau. Duk da haka mai kiwon kirki ba zai so ya zama shi ne sanadi ba. In ta faru, a mayar da ita wuri mai tsafta, a shimfiɗa takarda a ƙasa, a bar ciwon ya bushe.

Gidanta

Dabbar sama ce, don haka tsayin akwati ya fi faɗinsa muhimmanci. Mafi ƙarancin abin da masu kiwo suka yarda da shi ga babba guda ɗaya shi ne akwatin gilashi mai faɗin santimita 45, zurfin 45, tsayin 60, da raga a sama don iska. In an samu wanda ya fi haka, ya fi. Jariri kuwa, wanda ke fitowa daga ƙwai da nauyin kusan giram 2, ƙaramin mazubi ya fi masa, domin a babban wuri yakan kasa gano inda abincinsa yake.

Akwatin da babu komai a ciki sai gilashi huɗu azaba ce ga dabbar da ta saba ɓuya. Ana cika shi da rassa, wasu a tsaye wasu a gicciye, da gora, da ɓawon itace, da ganye mai yawa, na gaske ko na roba. Daga cikin shuke-shuke masu rai an fi amfani da pothos, mai yaɗo, mai jure inuwa. Rassan da ke kwance suna da wani amfani na musamman. Tsakar da ba ta da wurin kwanciya takan yi barci manne da gilashi, kai ƙasa, wutsiya na reto ta kan bayanta. In haka ya daɗe, gindin wutsiyar ya kan saki, wani lokaci har ƙashin ƙugu ya karkace.

A ƙasan akwatin, ga sabuwar dabba ko jariri, takarda mai tsotse ruwa ta wadatar: ana ganin kashi a kanta, a san ko dabbar na ci. Ga babba ana zuba ƙasa mai haɗe da zaren ɓawon kwakwa da gansakuka, masu riƙe danshi. Yashi da tsakuwa ba su dace ba, domin in ta kai wa ƙwaro cafka takan haɗa da abin da ke ƙasa, ya toshe mata hanji.

Zafi shi ne abin da ya fi saurin kashe ta. Jikinta ba ya haɗa ɗumin kansa, ba ta kuma gumi, duk yadda wurin yake haka jininta zai kasance. Tana jin daɗi tsakanin digiri 22 da 26, da dare kuma ko ya sauka zuwa 18 ko 20 babu laifi. Amma in ya haura 29 ko 30 ya tsaya a nan na wasu sa'o'i, tana iya mutuwa. Mutane da yawa suna shigowa kiwonta da tunanin cewa duk mai rarrafe mai son rana ne, su sa mata ƙwan lantarki mai zafi irin na ƙadangarun hamada, ko su ajiye akwatin a bakin taga. Hasken rana in ya ratsa gilashi, cikin ɗan lokaci zafin ciki yake haura na ɗakin sosai, kuma dabbar ba ta da inda za ta gudu. Dole a sa ma'aunin zafi a cikin akwatin, daga sama inda take zama, a riƙa duba shi.

A nan ne ya kamata mai karatu na Kano ko Sakkwato ko Yamai ya yi wa kansa hisabi. A watan Afrilu da Mayu zafin waɗannan garuruwa yakan haura digiri 40. Fanka ba ta rage zafin iska, kaɗa ta kawai take yi, kuma dabbar da ba ta gumi ba ta amfana da ita kamar mutum. Sai dai na'urar sanyaya ɗaki mai aiki dare da rana, wutar da ta ɗauke na yini ɗaya kuwa ta isa ta gama da ita. Wanda ba shi da tabbacin wannan, bai kamata ya ɗauko ta ba, komai sha'awarsa.

Sai danshi. Da magariba ana fesa ruwa mai tsafta a ganye da jikin gilashi har ma'aunin danshi ya kai kashi 70 zuwa 80 cikin 100. Jim kaɗan bayan feshin, in ɗakin ya yi shiru, za a ga ganye ya motsa, kai ya leƙo, ta taho tana lasar ɗigon ruwan ɗaya bayan ɗaya. Da rana kuma a bar wurin ya sha iska, danshin ya sauko wajen kashi 50. Wannan hawa da sauka shi ne abin da ke faruwa a daji, kuma barin akwati a jiƙe kullum yana kawo fumfuna da ciwon fata da na numfashi. A ajiye ƙaramin kwano na ruwa duk da feshin. Haske kuwa, sa'o'i 12 na rana da 12 na duhu sun isa.

Abinci da ciwon ƙashi

A shekarun farko bayan 1994 masu kiwo ba su da wani tsayayyen abinci da za su ba ta. Sun lura tana son zaƙi, sai suka riƙa ba ta niƙaƙƙun 'ya'yan itace na kwalba da ake sayarwa don jarirai, su haɗa da gyare. Tana ci da marmari, amma da yawa suka kamu da ciwon laushin ƙashi. Dalilin yana da sauƙin fahimta. Ƙashi yana bukatar sinadarin kalsiyam, kuma a abincin masu rarrafe ana son kalsiyam ya ninka sinadarin fosfaras wajen sau biyu. Ayaba da gyare kuwa fosfaras ɗinsu ya fi kalsiyam yawa. In jini ya rasa kalsiyam, sai jiki ya koma yana ɗiba daga ƙashi. Bugu da ƙari, ko akwai kalsiyam a abinci, hanji ba ya iya tsotse shi sai da bitamin D3.

Ciwon a hankali yake shigowa. Da farko wutsiya ta fara lanƙwasa nan da can. Sai muƙamuƙi ya yi laushi, baki ya kasa rufuwa daidai, ƙafafu su kumbura, yatsu su riƙa rawa. Dabbar da ke hawa gilashi a guje ta koma zaman ƙasa. In an gano da wuri likitan dabbobi yana iya tsayar da shi, amma ƙashin da ya riga ya karkace ba ya miƙewa. Abin takaicin shi ne ciwo ne da hannun mai kiwo ke jawowa, kuma kauce masa ba wuya.

Mafitar ta zo ne da garin abinci da aka haɗa musamman dominta. Wani mai kiwo a Amurka, Allen Repashy, yana cikin waɗanda suka fara haɗa shi, kuma yau Repashy da Pangea su ne sunayen da aka fi sani. Garin ya ƙunshi busassun 'ya'yan itace, da furotin, da kalsiyam, da bitamin, kowanne bisa awo. Ana dama awo ɗaya na gari da awo biyu na ruwa har ya yi kaurin kunu, a zuba ɗan kaɗan a ƙaramin kofi, a maƙala shi sama a jikin gilashi, domin ba ta son saukowa ƙasa cin abinci. Da yamma ake sa shi, a ɗauke bayan kwana ɗaya kafin ya lalace. Babba sau 3 ko 4 a mako ya ishe shi, masu tasowa kuwa kusan kullum. Sabon mai kiwo yakan damu cewa ba ta ci, alhali cikinta ƙarami ne. In ya duba da kyau zai ga sawun harshe a saman damun.

Ƙwari masu rai, sau ɗaya ko biyu a mako, suna sa ta motsa jiki, suna kuma sa matasa girma da sauri. An fi ba ta gyare da wani kyankyaso na kiwo da ake kira dubia. Kada ƙwaron ya fi tazarar da ke tsakanin idanunta girma. Kwana ɗaya kafin a ba ta, a ciyar da ƙwarin da ganye da karas, domin abin da ke cikinsu shi zai koma cikinta, sannan a barbaɗa musu garin kalsiyam. Gyaren da ya rage a cire shi, don yakan ciji tsaka tana barci. Ƙwarin da aka kamo a gida ko gona kuwa ba a ba ta, saboda maganin feshi. Mangwaro ko gwanda ko ɓaure da aka murƙushe, lokaci-lokaci, ba laifi, amma lemo da danginsa masu tsami ba na ta ba ne.

Wasu masu kiwo suna ƙara fitila mai fitar da hasken UVB mara ƙarfi, wanda ke sa fata ta haɗa bitamin D3 da kanta, kuma likitocin dabbobi da yawa suna goyon bayan haka. A kan raga ake ɗora ta, domin gilashi yana tare wannan haske.

Hannu, saɓa da tsafta

Sabuwar tsaka a bar ta mako biyu ba a taɓa ta ba, har ta saba da wurin ta fara ci. In akwai wasu masu rarrafe a gidan, a ware ta a wani ɗaki na wata biyu ko uku, a kai kashinta gwaji, domin akwai ƙwayoyin cutar hanji da ke yaɗuwa kafin alama ta bayyana.

In lokacin ɗauka ya yi, a zauna ƙasa ko a kan gado. A bar ta ta hau tafin hannu da kanta. Za ta taka zuwa bakin yatsu, ta tsaya, ta ɗan duƙa, ta kafa wa wani abu ido: tsalle za ta yi. Sai a sa ɗaya hannun a gabanta ta sauka a kai, a sake kawo na farkon gaba, haka haka har ta natsu. Jikinta laushi gare shi, da ɗan sanyi, kuma ana jin yatsunta suna kama fata suna saki. Minti 5 zuwa 10 sun isa. Ba ta shaƙuwa da mutum irin ta kare ko kyanwa, iyakarta ta saba ta daina tsoro. Kyanwar gida kuwa maƙiyiyarta ce, ko ta bayan gilashi tana iya firgita ta har ta yar da wutsiya.

Tana saɓa kamar maciji, jarirai kusan kowane mako biyu, manya wajen sau ɗaya a wata ko ƙasa da haka. Launinta ya dushe, riƙon ƙafarta ya ragu, cikin dare ta ja tsohuwar fatar da baki ta cinye, har mai ita bai san an yi ba. Matsala tana zuwa ne in iska ta bushe: saɓar ta maƙale a yatsa ko ƙarshen wutsiya, ta bushe, ta ɗaure wurin har jini ya daina zuwa, yatsan ya mutu. Maganin shi ne a sa ta a ƙaramin mazubi mai huji da jiƙaƙƙiyar takarda na minti 15, ruwan ba mai zafi ba, sannan a murza saɓar a hankali da jiƙaƙƙiyar auduga.

Sikelin kicin mai auna giram yana faɗin abin da ido ba ya gani. A auna ta a kai a kai, a rubuta. In ta rasa kashi 10 cikin 100 na nauyinta, ko idanunta suka faɗa, a nemi likitan da ya san masu rarrafe.

Salmonella tana zaune a hanjin masu rarrafe ba tare da ta cutar da su ba, amma in ta shiga cikin mutum tana kawo gudawa da zazzaɓi. A wanke hannu da sabulu bayan an taɓa dabbar ko kayanta. Kada a wanke kwanonta inda ake wanke kwanukan abinci. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, tana ba da shawarar kada yara 'yan ƙasa da shekara 5 su riƙa taɓa masu rarrafe, haka ma tsofaffi da masu raunin garkuwar jiki su yi hattara.

Namiji da mace

Ita kaɗai take rayuwa a daji, kuma kaɗaici ba ya damun ta. Maza biyu a akwati ɗaya faɗa za su yi har rauni. Ana gane namiji da wani kumburi a gindin wutsiya, wanda ke fitowa in ya fara girma. In aka haɗa shi da mace, za ta riƙa yin ƙwai biyu duk bayan mako 4 zuwa 6 na tsawon watanni, tana binne su a ƙasa mai danshi, su ƙyanƙyashe cikin kwana 60 zuwa 90, ko fiye in da sanyi. Barbara ɗaya tana isar ta ƙwan watanni da yawa, domin tana adana maniyyin namiji a jikinta.

Kowane ɓawon ƙwai daga kalsiyam ɗin uwar ake gina shi. Tana da 'yan jakunkuna biyu farare a ganɗarta inda take tara shi, kuma masu kiwo kan duba su don sanin ko ajiyar ta ragu. Shi ya sa ba a haɗa mace da namiji sai ta kai wajen giram 40. Ko babu namiji, babbar mace takan yi ƙwai marasa ɗa, don haka tana bukatar mazubi mai jiƙaƙƙiyar ƙasa da za ta tona. In ta rasa wurin, ƙwan yana iya maƙale mata.

Launukanta sun yi yawa a hannun masu kiwo: ja, ruwan ɗorawa, ruwan ƙasa, mai ɗigo-ɗigo baƙi, mai farin layi a baya. Ko dabba ɗaya launinta yakan yi fari-fari da rana, ya ƙara kauri da dare. Neman launi mai tsada yana da nasa haɗari. Akwai wani iri da ake kira Lilly White, wanda in aka haɗa biyu daga cikinsa, 'ya'yan da suka gaji siffar daga uwa da uba duka ba sa rayuwa. Mai kiwon da ya san haka ya kuma yi, don kuɗi, ya zalunci dabba.

Waɗanda suka rage a daji

Yawanta a gidajen mutane bai tsare na daji ba. Ƙungiyar IUCN, mai lissafin halittun da ke fuskantar barazana, ta sa ta cikin masu rauni. Gobarar daji da sare itatuwa da haƙar ma'adinin nikel, wanda tattalin arzikin Sabuwar Kaledoniya ya dogara da shi sosai, suna cin mazauninta. Ɓeraye da kyanwoyi da aladu da mutane suka shigo da su suna ƙara ɓarna. Akwai kuma wata 'yar mitsitsiyar cinnaka, Wasmannia auropunctata, da ba ta kai milimita 2 ba, 'yar asalin Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, wadda aka fara lura da ita a tsibiran a shekarun 1970. Tana taruwa ta yi wa tsaka rubdugu, tana kuma cinye ƙwarin da tsakar ke rayuwa a kansu.

Saboda haka wanda zai saya ya tabbatar a hannun mai kiwo aka ƙyanƙyashe ta, ya tambayi shekarunta da nauyinta da abin da take ci, ya duba idonta da muƙamuƙinta da yatsunta. Ya kuma lissafa shekaru, domin in ta samu kulawa takan yi 15 zuwa 20. Wanda ya gaji da ita ya nemi wani mai kiwo ya ba shi, kada ya sake ta a waje.

Aikin aji

1. A bayyana dalilin da ya sa tsayin akwati ya fi faɗinsa muhimmanci, da dalilin da ya sa ba a ajiye shi a bakin taga.
2. Wani ya ciyar da tsakarsa ayaba da gyare kaɗai na tsawon shekara. Waɗanne alamu za a sa ran gani a jikinta, kuma me ya jawo su?
3. A sami ma'aunin zafi, a auna zafin ɗaki ɗaya da safe, da azahar, da dare har kwana 7, a rubuta. A kwatanta sakamakon da digiri 22 zuwa 26, sannan a tattauna a aji ko tsaka mai zanko za ta iya rayuwa a wannan ɗaki.